Liborio, Attajirin Takarda

Liborio Marturano ya kai shekara hamsin a duniya bai taɓa riƙe kuɗin da suka wuce na kashewar mako ɗaya ba, alhali a rubuce babu wanda ya kai shi dukiya a garin Villamarra da kewaye. In an tsokane shi da wannan maganar ba ya jin haushi. Sai ya zaro aljihun wandonsa waje ya karkaɗe, ya ce, "Ga bankin nan a buɗe. Ku shiga a hankali, kada ku take mini miliyoyi."

Shi ne auta cikin 'ya'ya ukun Don Onofrio Marturano; "Don" laƙabin girmamawa ne a wurinmu. A zamanin da Liborio ya tashi, garinmu ba kome ba ne sai lambunan lemun tsami, tun daga gindin dutse har bakin hanyar Palermo. Lemu ba ya yi sai da ban-ruwa, rijiyoyin kuwa duk a hannun Don Onofrio suke, har da waɗanda ba shi ya haƙa ba. Mai lambun da ya biya abin da aka yanka masa, ruwa zai iso masa ranar da aka ce. Wanda ya tsaya gardama, wata safiya zai tarar an sassare masa itatuwa. Jaridu suna kiran irin wannan harka Mafiya. Mu a gari ba ma faɗin kalmar. "Masu mutunci" muke ce musu, mu faɗa muna waiwayen bayanmu.

Babban ɗa, Gaspare, ya ɗauko uban sak: gajere, mai kaurin wuya, magana ba ta dame shi ba. Sai Venera, mace ɗaya tilo, wadda ta kori manema uku, daga nan ta zauna a gida tana riƙe wa uban makullai. Sai Liborio, dogo, siriri, mai kyan suma, wanda tun yana ƙarami in ya fara zance ba ya tsayawa sai an tashi an bar shi.

Sau biyu aka gwada shi a harkar gidan. Shi da bakinsa yake ba da labarin, kuma kullum sai ya ƙara gishiri. Na farko yana ɗan shekara sha shida, ana gobe bikin Ista, uban ya miƙa masa wuƙa ya ce ya yanka ɗan ragon biki. Liborio ya durƙusa, ya dubi ragon, ragon ya dube shi, sai ga Liborio a ƙasa sumamme. "Ragon ma ya fi ni sanin ya kamata," in ji shi. "Tsallake ni ya yi, bai taka ni ba."

Na biyu, aka aike shi wurin wani mai lambu da ya yi wata uku bai biya kuɗin ruwa ba. Saƙon gajere ne: ka ce masa babana yana gaishe shi, yana kuma tambayar lafiyar itatuwansa. Ka faɗa, ka juyo. Liborio ya tafi da hantsi, bai dawo ba sai la'asar, ɗauke da kwandon ɓaure. Ashe ya zauna ya ci abincin rana a can, ya saurari labarin ciwon gwiwar matar gidan tun daga farko.

"Ka isar da saƙon?" in ji Don Onofrio.

"Na isar, Baba. Sai na ga hankalinsa ya tashi, shi ne na ce masa kada ya damu, kai ba ka riƙe mutum a zuci. Ga ɓaure ya ce a kawo maka."

Tsohon ya dube shi. Ya ɗauki ɓaure ɗaya ya ci, sannan ya juya ya ce da Venera, "Wannan ba na waje ba ne. A ajiye shi a cikin gida."

Amma Don Onofrio ba ya ajiye abin da ba shi da amfani. Liborio ya gama sakandare, rubutunsa kamar an buga da inji, sunansa kuma bai taɓa shiga littafin 'yan sanda ba. Gida irin nasu yana bukatar mutum ɗaya mai tsabtataccen suna, wanda za a riƙa sayen abu ana cewa nasa ne. Ranar da ya cika shekara ashirin da ɗaya uban ya ba shi alƙalami mai bakin zinariya. Washegari aka kai shi ofishin mai hatimi, mutumin da cinikin fili ko gida ba ya tabbata sai a gabansa. Ya sa hannu sau huɗu, ya fito yana da lambu biyu da injin ban-ruwa da rumbun ajiye lemu. A hanyar komawa gida ya roƙi Gaspare kuɗin taba, Gaspare ya hana shi.

Kuɗin gidan ranar Lahadi kawai ake ganinsu. In an taso daga coci kowa ya hallara a teburin tsoho, da mata da 'ya'ya, a ci taliya da kifin sadin, a ci nama, a sha giya. Ba mai ikon cewa yana da uzuri. Da an kwashe kwanuka, Venera za ta shiga ɗakin uban, a ji ƙarar makulli a jikin akwatin ƙarfe, ta fito da ambulan biyu. Na Gaspare mai kauri. Na Liborio kuwa, in aka ɗaga shi a hasken taga ana hango abin da ke ciki. Kowa ya karɓi nasa ya sumbaci hannun tsoho. Mai bukatar ƙari, ko na takalmin yarinya ne, sai ya faɗa a gaban kowa, a zauna a tattauna ko takalmin da take da shi ya mutu da gaske.

Matarsa Ninfa 'yar mai gasa burodi ce, ta aure shi tana tsammanin ta faɗa daula. Wata biyu suka ishe ta ta gane inda ta faɗo. In sun dawo gida ran Lahadi ita ke buɗe ambulan.

"Sannu da aiki, maigida," takan ce. "Yau ma ka sha wahalar tauna."

"Ba tauna kaɗai ba, har da sumbatar hannu. Ki duba yadda leɓena ya kumbura."

Sai ta ware na cefane, ta ware na makarantar 'yarsu Letizia, ta miƙa masa na taba. Ninfa tana da baki, amma tana sonsa. Ta taɓa gaya wa ƙanwarta cewa duk zuriyar Marturano mijinta ne kaɗai aka taɓa ganin haƙoransa ba a kan nama ba.

A waje kuwa Liborio ya ci moriyar sunan iyakar ci, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Ya sa aka saya masa baƙar malafa, ya koyi tafiyar ubansa, a hankali, hannu a baya. In ya shiga shagon kofi na dandalin gari a tashi a ba shi kujera, mai shago ya rantse ba zai karɓi kuɗinsa ba. Wanzami ya tayar da wanda ke kan kujera da rabin kumfa a fuska don Don Liborio ya zauna. Wata rana yana wucewa ya ji wani dattijo yana ce wa surukinsa, "Cire hula ka gaishe shi mana. Ai ba shi ake gaisarwa ba." Ya ji sarai. Ya ɗaga hannu ya amsa gaisuwar da nauyi kamar yadda ya saba, ya wuce. Ya ce abin ya yi masa ciwo har zuwa kwanar coci, daga nan ƙamshin soyayyen kifi ya ɗauke masa hankali.

A shekarar 1957 ciwon ajali ya kama Don Onofrio. Ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Gaspare ya yi awa guda a ciki, Venera ta yi awa biyu. Liborio ya shiga yana hawaye, yana jiran ya ji wasiyyar da zai riƙe har mutuwa. Tsohon ya kama hannunsa na dama, ya shafa, ya ce, "Ka kula da hannun nan. Kuma kada ka riƙa karanta abin da ake ba ka, karatu yana sa mutum ciwon kai. Kira mini 'yar'uwarka."

Duk gari ya ɗauka makullin akwatin zai koma hannun Gaspare. Ranar Lahadin farko bayan jana'iza aka gan shi rataye a wuyan Venera, kusa da ɗan gicciyenta. Gaspare ya riƙe titi da mutanen titi, ita ta riƙe akwati, kuma shi kansa Gaspare, wanda manyan maza ke sauka daga kan hanya in sun hango shi, sai ya miƙa hannu biyu yake karɓar ambulan ɗinsa. Sumbatar hannu kawai aka daina. Venera ta ce ba ta son miyau.

A shekarun nan ne birni ya fara cinye lambuna. Aka shiga sare itatuwan lemu ana dasa benaye masu hawa takwas, masu hawa goma. Wanda ke sayar da ruwa jiya ya koma sayar da siminti. Liborio ya riƙa zuwa ofishin mai hatimi sau biyu, sau uku a mako. Ya zama mai kamfanin gine-gine, mai manyan motoci sha ɗaya, mai gidan mai biyu, mai benaye shida da bai taɓa hawa ko ɗaya ba. Akwai wata mota mai ɗaukar yashi da ta taɓa watsa masa taɓo a wando, ya ɗaga kai zai yi zagi, sai ya ga sunansa a rubuce a jikin ƙofarta da manyan baƙaƙe.

Da Letizia ta gama sakandare ta ce za ta karanta haɗa magunguna a jami'ar Torino, can arewa. Yarinya ce mai shiru, ba ta ɗauko surutun ubanta ba. Ya tambaye ta me ya hana ta yi a Palermo, ga gida kusa.

"Baba, tun ina aji ɗaya ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba," in ji ta. "Akwai ranar da na miƙa takarda ban rubuta kome a shafi na biyu ba, don in gani. Aka ba ni maki mafi yawa a ajin. Ina so in je inda ba a san sunanmu ba, in ji ko ina da ƙwaƙwalwa."

Liborio bai sami abin dariya a wannan maganar ba, kuma ya nema. Ranar Lahadi ya kawo ta a tebur. Venera ba ta ko ɗago daga yankan cuku ba.

"Akwai jami'a a nan," ta ce.

"Yaya, yarinyar ta fi son can."

"Wanda ke Torino ba ya cin abincin Lahadi a gidan nan. Wanda ba ya ci a nan kuwa, ban san da me zan ciyar da shi ba. Miƙo mini burodi."

Ya miƙa mata burodi.

Kwana uku yana juya abin a ransa, sai dabara ta faɗo masa, irin wadda ya ce da ya yi shawara da ragon nan na Ista da ya hana shi. Tunda kome da sunansa yake, me zai hana ya sayar da ɗan ƙaramin fili ɗaya a bayan tashar jirgin ƙasa, wanda ba mai tunawa da shi? Ya sa malafa, ya tafi ofishin mai hatimi shi kaɗai, karo na farko a shekara talatin. Mai hatimi ya tarbe shi da fara'a, ya saurare shi, ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, dukiyarsa ce. Ya sa aka kawo masa kofi da ɗan biskit, ya ce bari ya shiga ciki ya nemo takardun filin. Liborio ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana jin kansa cikakken mutum. Bai gama shan kofin ba ƙofar waje ta buɗe, sai ga Venera da baƙar rigarta da jakarta a hammata.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaisa da mai hatimi, ta tambayi lafiyar iyalinsa, sannan ta dubi ƙanenta ta ce, "Shanye kofin, an riga an zuba. Ka ɗauko malafarka." Suka ratsa dandalin gari tana gaba yana biye, mutum mai shekara hamsin. Wannan Lahadin ambulan ɗinsa bai zo da kuɗin taba ba.

Ninfa ce ta ce ya isa haka. Ta zaunar da shi a kicin, ta rufe ƙofa.

"Kai ba ka san abin da kake da shi ba," ta ce. "Ba fili ba, ba bene ba. Hannu. Matar Gaspare ta ce ran Litinin za a sa hannu a babbar kwangilar gidajen nan na bakin hanya, in aka wuce ranar wasu za su ɗauke. Wa zai sa hannun?"

"Ni."

"To kada ka sa."

"Ninfa, kin san Yaya Gaspare kuwa?"

"Na san shi. Na kuma san in wani abu ya same ka, duk abin da ke rubuce da sunanka ni da Letizia doka za ta ba. Shi ma ya sani. Tashi tsaye, zan gaya maka abin da za ka faɗa."

Kwana huɗu yana haddace maganar a gaban madubi, tana gyara masa, tana hana shi ƙari. Abin da ya fi ba su wahala shi ne koya masa yin shiru in ya gama.

Ranar Lahadi aka ci abinci, shi dai yana ta juya cokali. Da aka kwashe kwanuka Gaspare ya ce, "Gobe ƙarfe tara. Ka zo da alƙalaminka."

"Ba zan zo ba, Yaya."

Matar Gaspare ta tattara 'ya'yanta ta fita da su tsakar gida ba tare da an ce mata kome ba.

"Me ka ce?" in ji Gaspare.

"Na ce ba zan sa hannu ba sai an biya wa Letizia karatu a Torino, shekara biyar, da kuɗin ɗaki da na abinci."

Gaspare ya taso ya zagayo teburin a hankali, ya tsaya a kansa, ya kama masa wuyan hannu.

"Kana iya karya shi, Yaya," ya ce, muryarsa ta koma kamar ta 'yar yarinya. "Sai dai da shi nake sa hannun. In kuma kashe ni za ka yi, to ka fara koyon yi wa Ninfa ladabi, don ita za ta zama mai kamfani."

Nan maganar da aka koya masa ta ƙare. Bakinsa ya buɗe zai ci gaba, Ninfa ta taka masa ƙafa, ya rufe. Venera ta juya ta dubi Letizia, wadda ke zaune a ƙarshen tebur ta sunkuyar da kai.

"Sake shi, Gaspare," ta ce. "Wannan ba maganarsa ba ce, na ji muryar mai ita." Ta dubi Ninfa, Ninfa ta dube ta. "Yarinya za ta tafi. Ni zan riƙa aika kuɗin da hannuna, wata-wata, ita kuma ta rubuto mini wasiƙa duk wata. Ni, ba ubanta ba. Watan da ban ga wasiƙa ba, ba kuɗi."

Liborio ya tashi da nauyi irin na ubansa, ya fita bayan gida, ya amayar da ɗan abin da ya ci a gindin itacen lemu. Da safe ƙarfe tara saura kwata yana ofishin mai hatimi. A watan Oktoba suka raka Letizia tashar jirgi. Ya yi kukan da har mai duba tikiti ya tambaya ko gawa aka saka a jirgin.

Bayan shekara biyu gwamnati ta tashi kamen masu mutunci, aka kwashi mutane da yawa a yankinmu. Masu bincike suka bi takardu, kowace takarda kuwa suna ɗaya take kai su. Aka kama Gaspare, aka kama Liborio. Wata jarida ta buga hotonsa da malafa, ta rubuta a ƙasa cewa wannan shi ne ƙwaƙwalwar gidan Marturano, mutumin da ke juya miliyoyi cikin shiru. Wata goma sha ɗaya ya yi a tsare kafin shari'a, kuma ya amsa da bakinsa cewa bai taɓa samun girma irin na wannan lokacin ba. Fursunonin da ba 'yan garinmu ba suka gaskata jarida. Ana gyara masa gado, ana ba shi taba, ana kawo masa ƙara ya raba gardama. Ya yanke hoton ya ɓoye a cikin takalmi.

Lauyan da Venera ta ɗauka ya zo ya same shi. Ya ce, "Don Liborio, hanya ɗaya ce za ta fitar da kai. Sai mun tabbatar wa kotu cewa ba ka san kome ba, ba ka iya kome ba, kuma ba a taɓa ba ka amanar kome ba."

"To ina za mu sami masu shaidar wannan?"

"Na riga na sami arba'in da biyu. Sai da na mayar da wasu."

A garin da ba a taɓa samun mutum ɗaya ya ga wani abu ya faɗa a kotu ba, sai ga mutane suna layi. Wanzami ya shaida cewa shekara ashirin yana yi masa aski bai taɓa jin magana mai kan gado ta fito daga bakinsa ba. Mai shagon kofi ya ce bai taɓa ganin takardar kuɗi babba a hannunsa ba. Limamin coci ya ce Liborio bawan Allah ne wanda Ubangiji bai ɗora wa nauyin tunani ba. Ninfa ta zo da baƙin mayafi ta gaya wa alƙali nawa take ba mijinta na taba, 'yan kallo suka fashe da dariya. Mai gabatar da ƙara ya tashi da fushi, ya ce duk shiri ne. Ya tambayi Liborio a wane titi ofishin kamfaninsa yake. Liborio ya yi tunani iyakar ƙoƙarinsa, don a ransa yana so ya ba da amsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe yana da ofis?"

Aka sallame shi. Gaspare aka ɗaure shi shekara goma sha huɗu, a can ciwon zuciya ya kashe shi a shekara ta shida. Venera ko kiranta ba a yi ba. Babu takarda ɗaya mai sunanta, masu bincike kuma sun ɗauke ta tsohuwar da ba ta san kome ba sai coci. Liborio ya fito daga kotu mutane suna taya shi murna, yana amsawa, yana rasa ko murna zai yi ko ya nemi ramin shiga. "Ni kaɗai ne a garin nan," yakan ce, "da kotu ta tabbatar da wautarsa, da hatimi. Sauranku duk zato ake yi."

Ba a yi wata uku ba wasu mutane suka zo gidan, abokan harkar Gaspare na da, da jaka cike da takardu. Suka zauna da Venera a falo, suka sha kofi cikin ladabi. Ta fito ta kira ƙanenta ta ce, "Sa musu hannu. Duka." Ya ga fuskarta, bai tambayi dalili ba. Daga azahar zuwa la'asar kamfani da motoci da benaye da gidajen mai suka tafi. Aka bar musu gidan tsoho kawai. Ya ce bai ji zafin rabuwa da dukiyar ba ko kaɗan, yatsunsa ne dai suka yi kwana biyu suna ciwo.

Abincin Lahadi bai tsaya ba, ambulan ma bai tsaya ba, ya dai ƙara sirancewa. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Venera, Liborio da Ninfa suka koma gidan suka zauna da ita. Shekara shida shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta abinci a baki, shi ke juya ta kada ta yi gyambo, yana yi mata surutu tana rufe ido don ya ƙyale ta. Duk Lahadi sai ta sa ya jawo akwatin ƙarfen zuwa bakin gadonta, ya fita ya ja ƙofa, sannan ta buɗe da hannunta mai lafiya.

Ranar da suka dawo daga binne ta, Ninfa ta buɗe akwatin. Babu kuɗi a ciki. Akwai rasiɗai na wani mai sayen gwal a Palermo, tuli guda: sarƙoƙin mahaifiyarsu, 'yan kunne, agogon Don Onofrio, cokulan azurfa. Wata maƙwabciya ce ke kai mata su ɗaya-ɗaya a ɓoye, shekara da shekaru, da kuɗin take cika ambulan don kada a daina zuwa tebur. A ƙasa kuma ga wasiƙun Letizia, an ɗaure su da zare, shekara-shekara. Liborio ya zauna a bakin gadon yana juya rasiɗan ɗaya bayan ɗaya.

Suka sayar da gidan suka koma Torino, inda Letizia ta riga ta buɗe kantin magani ta kuma auri wani malamin makaranta. Liborio yana da shekara sittin da shida lokacin. Ya sami kujera a bakin kantin, ya saba da tsofaffin unguwar, har wasu ke zuwa sayen maganin da ba sa bukata don su ji labari. In wani ya ji daga inda ya fito ya rage murya ya tambaye shi ko ya san mutanen nan, sai ya ce, "Na san su. Na nemi aikin ma, ba a ɗauke ni ba."

Abu ɗaya ne bai taɓa sabawa da shi ba, sanyin arewa. Tun daga Nuwamba yake fara mita, yana cewa ƙafafunsa sun rasu sun bar shi, a yi masa ta'aziyya. A watan Fabrairu na 1989 ya kwanta da ciwon huhu, ya yi kwana tara ya cika, Ninfa da Letizia suna gefensa. Tun kafin nan ya ce kada a wahalar da kowa da kai gawarsa gida, a binne shi a Torino. Ranar jana'izar dusar ƙanƙara ta rufe gari. Masu shirya gawa sun gama aikinsu za su rufe akwati, Ninfa ta ce su dakata. Ta buɗe jakarta ta fito da safar ulu mai kauri, ta sa masa a kan wadda ke ƙafarsa, ta mayar masa da takalmin da ƙyar, sannan ta ce su rufe.